Tudun Tsakiya da Kawu Sada Ya Nuna Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sada, ƙanin mahaifiyata, malamin kimiyyar lissafi. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bar mini agogo ne, ko da yake ban tabbata sunan ya dace da shi ba. Akwatin ƙarfe ne mai nauyi da wani kamfanin sadarwa ya daina amfani da shi, Kawu ya roƙo ya ajiye a shagonsa na Ƙofar 'Yandaka. Da kaɗawar ƙwayoyin wani sinadari, siziyam, yake auna daƙiƙa.

Maƙwabcinmu Alhaji Mamman kan leƙo ya ce, "Malam, mi agogon naka ya ce? An sha ruwa?"

Kawu ya ce, "Alhaji, tambayi ladan. Wannan daƙiƙa yake kiwo, ba ruwanshi da cikinka."

Duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai an sake saita shi. Kana murɗa maɓalli a hankali, allurar mita tana hawa tana sauka, kamar mai ƙetare tuddai. Tudun tsakiya, wanda ya ɗara sauran tsawo kaɗan, shi ne na gaskiya. Amma akwatin yana iya kama na gefe ya zauna daram, koriyar fitilarsa ta kunnu kamar komai lafiya. Na taɓa ganin fitilar na yi hamdala, Kawu ya buge mini hannu.

"Kama da wane ba ta wane, ɗan nan. Wuce shi, ka ga na gaba, sannan ka dawo."

Yanzu na gama jami'a, akwatin yana hannuna. Siziyam ɗin cikinsa yana ƙarewa, kuma ban san inda zan samo wani ba. Allurar da ƙyar take motsi, tuddan sun kusa zama ɗaya a idona. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Abokaina suna cewa waya ma tana ba da lokaci, me zan yi da wahala? Wataƙila suna da gaskiya. Ina jin da Kawu yana nan zai tambaye su wa ya duba wa wayar tudunta, amma ba zan rantse ba.

Jiya da hantsi wuta ta dawo, na murɗa, na wuce, na dawo, ban rarrabe komai ba. Fitilar kuwa ta kunnu, koriya shar. Abin da ya rage mini na Kawu shi ne na san bai kamata in yarda da ita ba, kuma babu wanda zan tambaya.