Mutum Biyu Kawai Ake Nema

Har ya yi furfura Monita ake ce masa, kuma ba don ƙauna ba.

Daga gida abin ya faro. Mahaifinsa mutum ne mai zafin hannu, in ya dawo kasuwa sai ya ja shi gefe: "Wa ya yi ɓarna yau?" Yaro ya zayyano 'yan uwansa, su sha bulala, shi a shafa masa kai. A aji uku malama ta naɗa shi monita, ta miƙa masa takarda da fensir, ya riƙa rubuta sunayen masu surutu. Daga ranar ba a ƙara sa shi a ƙwallo ba, in ya doso hira ta mutu. A masallaci ya ji wa'azi kan faɗin gaskiya, ya riƙe shi gam. Wa'azin rufa wa ɗan uwa asiri kuwa, ko dai ranar bai je ba, ko gyangyaɗi ya kwashe shi.

Da ya girma ya sami aikin da ya dace da shi, riƙe rajistar ma'aikata a wani kamfanin sabulu. Tebur a bakin ƙofa, agogon bango, jan biro. Ka makara da minti biyar, ya ja maka layi. Shekara ashirin da shida bai ɗaga wa kowa ƙafa ba, har mai goyo. Rediyo ce abokiyar hirarsa. Sau ɗaya ya buga waya shirin gaishe-gaishe, aka tambaye shi wa zai gaisar, sai ya ce yana gaida ma'aikatan gidan rediyon.

Wallahi ba mugu ba ne. Abin da aka yaba masa tun yana ƙarami shi kaɗai ya iya, kuma abin tausayin ke nan.

Sai matarsa ta kwanta asibiti. Likita ya ce za a yi mata aiki, amma sai an kawo mutum biyu su ba da jini. Nasa ba zai yiwu ba, yana da ciwon suga. Ya kira ƙannensa, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya nufi kamfani, ya tsaya a tsakar wurin aiki, hula a hannu.

"Jama'a, don Allah, maiɗakina ce. Mutum biyu kawai."

"Allah ya ba ta lafiya, Monita," in ji direban kamfani. "Ni ko karyawa ban yi ba."

Wata mai naɗe sabulu ta ce, "Baba, ai ka san doka. Ba a fita a lokacin aiki." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya fi yi masa ciwo. Saura kowa ya sunkuya kan aikinsa.

Da azahar ya koma asibiti. Matar ta ɗago kai da ƙyar.

"Maigida, an samu?"

"Suna hanya," ya ce, idonsa a kan ledar ruwan da ake ƙara mata.

Ta daɗe tana kallonsa. Bai iya ƙarya ba. Ta janye ƙafafunta ta ba shi wuri a bakin gado.

"To zauna," ta ce. "Kar ka sake fita. Ba na so ta Allah ta kasance ba kowa a kusa da ni."