Tsaki Ɗari Biyu da Kaza Ɗaya

Na tashi a Jos zamanin haƙar kuza, ubana lebura ne a ramin. Wutar garin a lokacin daga ruwan da ke faɗowa kan dutse ake samo ta, ko ƙiftawa ba ta yi. Mu ba mu da ita a gida, amma mun san tana nan. Yau ga wayar wuta har ɗakina, wutar ce sai ta ga dama.

Bara da damina aka sallami autata daga aiki. Ba ta zauna ba, ta je wajen Vom ta kawo 'yan tsakin gidan gona ɗari biyu. Ta shimfiɗa musu garin katako a wani ɗaki, ta rataya ƙwan lantarki huɗu don ɗumi.

Na ce, "Auta, ina uwarsu?"

Ta nuna ƙwan tana dariya. "Ga ta nan, Inna. Wannan ba ta cin dawa."

Tsohuwar kazata kuwa aka kore ta kusurwar madafa, wai kada ta shafa musu cuta.

Kwana na biyar taransifomar unguwa ta ƙone. Ruwa ya tsuge tun safe, ga sanyin nan namu mai shiga ƙashi. Auta ta fita neman aron janareto. Na leƙa ɗakin, tsakin sun cure wuri guda suna kuka. Na hura gawayi kasko biyu na kai musu. Sannan na yi musu abin da muke yi wa mai jego: na toshe taga da buhu, na ja ƙofa, kada iska ta shiga.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Da la'asar Auta ta dawo, ba ta samo janareton ba. Ta buɗe ƙofa, shiru. Ta tsuguna tana ɗaga su ɗai-ɗai. Da faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Inna, hayaƙin ne."

Tara suka rage, waɗanda suka laɓe bakin ƙofa. Kazata na kwanci a lokacin, na tura su ƙarƙashinta. Ta caccake biyu, ta rungume bakwai.

Sai bayan mako uku aka kawo wuta, da rana tsaka. Unguwa ta ɗauki ihu. Ƙwan nan huɗu suka kama a ɗakin da babu komai sai garin katako. Auta na wanki a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba. Ni na tashi na je na kashe su.