Mahaƙin Rijiyar da Ya Koma Tela

Ku da kuka san maigidana, kun san ba ya taɓa aiki sai ya tofa yawu a tafi ya murza, ko da cokali zai ɗauka. Shekara arba'in yana haƙa rijiya a lambunan Matameye, har bayansa ya ƙi. Autanmu ya aiko daga Kano, mu rufe gida mu koma wajensa. Malam ya ce, "In bar garinmu in je a riƙa ciyar da ni? Ɗinki zan koya."

Na ce, "Malam, da furfurar?"

"Wanda ya iske ruwa a zurfin gaba ashirin, allura ce za ta gagare shi?"

Ya je ya zauna gaban Tela Mamman, sa'an ɗansa. Mamman ya miƙa masa abin awo, ya ce a'a, shi da igiyarsa ta rijiya ya saba. Wandon farko na maƙwabcinmu Alhaji Bala ne. Da ya saka, ƙafafun wandon na sharar ƙasa.

"Malam Idi, na raƙumi ka ɗinka?"

"Alhaji, gara igiya ta yi saura da ta gaza."

Rigata kuwa, wayyo ni! Kowane gefe sau uku ya bi shi da keke. Wuyan ya ƙi shiga kaina, na yi kwana biyu ina farkewa da reza, zare ya ƙi. Yana kallona, sai cewa ya yi, "Kin taɓa jin aikina ya rufta?"

Mata suka guje shi kaf. Amma masu noman rake da mutanen garin Dungu suka ji an yi telan da ɗinkinsa ba ya ɓarkewa. Ran kasuwa sai ga wandunan gona da buhuna cike da zaure.

Auta ya zo da mota zai kwashe mu, ya rasa wurin zama. Uban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka koma kai kaɗai. Amma cire wandon nan tukuna, ɗinkin Kano ba ya ƙarko."

Bana Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, a garinsu, bai ci na kowa ba. Keken na nan a zaure, har yau ban iya wuce shi ido bushe ba. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa mu a gidan gaskiya.