Barewar Nara da Haɓar Zanina

Shekarata goma sha huɗu a wannan aiki. Ranaku da yawa sun wuce ban riƙe su ba, amma Larabar da muka je Nara ban taɓa mantawa da ita ba. Ku sababbin ma'aikata kun ji ana kirana Uwar Barewa a bayan idona, kuna tsammanin ban sani ba. Na sani. Gara ku ji daga bakina da ku ji daga bakin matan unguwar Ainu Shams, don su kowace shekara sai sun ƙara wa labarin barewa goma.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, ofishinmu na Giza, a nan Masar, yana kai 'yan kasuwa sari ƙasashen waje, a haɗa musu da kwana biyu na buɗe ido. A sama akwai Manaja. Shi ba ya tafiya, rahoto yake jira. Kowace tafiya ana tura tafinta, shi ke riƙe da takardu da littafin rahoto. In ayarin na mata ne sai a haɗa da uwar tafiya, wato ni. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma in an rubuta sai an nuna mini, amma ba don karatu aka ɗauke ni ba. Aikina ƙirga kawuna a kowace ƙofa, lura da abin da za a ci, tuna lokacin salla, da hana mace ɓacewa.

Babbar dokarmu ɗaya ce, kuma ni na roƙi Manaja ya kafa ta: ranar buɗe ido ba mai fita daga layi ta sayi ko allura, sai lokacin da aka ware wa sayayya. Matafiyar da ta karya, a rubuta sunanta. In ta sake, ba za a ƙara ɗaukarta ba. Ma'aikacin da ya karya kuwa, a sauke shi daga tafiya ya koma zaman ofis. Wannan ƙarin ma ni na ce a sa, ina hangen tafintoci. Ban hango kaina ba.

Bayan ƙaramar Salla muka tashi daga Alƙahira zuwa Osaka ta ƙasar Japan da mata goma sha ɗaya, masu neman kekunan ɗinki da kayan kicin. Tafintanmu Malam Habibu ne, magidanci mai gemu, yana karatun digirin ƙarshe a fannin fiƙihu, yana kuma jin Turanci. Kwana huɗu aka yi ana sari, ba abin da ya faru. Ranar Talata aka fara buɗe ido.

An kai mu tsohuwar fadar sarakunansu, ruwa ya kewaye ta, ganuwarta da wasu duwatsu da kowanne ya fi ɗakina faɗi. Daga nan gidan kifi, inda muka ga wani kifi da ya fi mikrobas, ƙaramar bas ɗin hayar Giza, tsawo yana yawo a bayan gilashi. Hajiya Balaraba, mai sayar da abayoyi a Ainu Shams, ta tsaya ta dube shi tsaf ta tambayi Malam Habibu ko zai ishi bikin 'ya ɗaya. Da yamma muka bi wani titi mai cunkoso, inda aka kafa ƙatuwar ƙaguwa a saman wani shago tana motsa ƙafafu. A nan na ƙirga na sami goma. Na sake ƙirgawa, goma.

Sai ga Hajiya Balaraba ta ɓullo daga wani lungu da wuƙaƙen yanka nama biyu a kwali, tana murmushi. Na tare ta a gaban kowa. Ta ce ma'alish, a yi haƙuri, minti biyar ne kawai. Na ce da minti biyar ake rasa mace a ƙasar da ba ta iya tambayar hanya ba. Ta ce ta girme wa a yi mata faɗa a titi, na ce dokar ba ta san shekaru ba. Na sa Malam Habibu ya rubuta sunanta a tsaye, a wurin. Har muka koma masauki ba ta sake kallona ba.

Washegari Laraba muka hau jirgin ƙasa zuwa Nara, tafiyar da ba ta kai awa ba. An haɗa mu da jagora 'yar ƙasar, wata 'yar siririyar mata mai ƙaramar tuta. A cikin jirgi ta yi ta bayani da Turanci, Malam Habibu yana juyawa. Ni ina can ƙarshen tarago ina gadin ƙofa. Haka na saba. A ganina bayanin jagora abincin baƙi ne, su suka biya, ni ba ruwana da shi. Ku riƙe wannan, don daga nan aka fara.

Inda aka kai mu a Nara fili ne mai ciyawa da manyan itatuwa, da wani ƙaton gini na katako da gunkinsu ke ciki. Barewa kuwa ko'ina, ba igiya, ba makiyayi, suna tsallaka titi kamar 'yan gari. Abin da ya ɗaure wa mata kai shi ne, in mutum ya sunkuya wa barewa sai ita ma ta sunkuya masa. Nan take aka buɗe mahawara. Wata ta ce wannan ruku'u ne ga wanin Allah, wata ta ce gaisuwa ce kawai. Aka mayar da magana gaban Malam Habibu. Ya shafa gemu ya ce mafi tsantseni a bar barewa ta sunkuya ita kaɗai, tunda ita ba a ɗora mata shari'a ba. Aka ce tamam, aka shiga ɗaukar hoto.

Suna cikin hoton na hangi wata tsohuwa da ɗan tebur a gindin itace, taku ashirin daga inda muke. Tana sayar da wani biskit fale-fale, zagayayye, an jera an ɗaure da 'yar takarda. Barewa sun kewaye ta suna tsaye shiru kamar direbobi a tasha, ba wadda ta taɓa mata kaya. Ni kuma tun da muka sauka Osaka ban ga abin da aljihuna zai iya ba, ga jikoki shida suna jirana. Mace ta je har Japan ta dawo hannu biyu? Da wane ido zan kalli uwarsu? Na ce wa raina tsarabar jikoki ba sayayya ba ce, haƙƙi ne. Na ƙirga mata, sha ɗaya cif, na sulale.

Na nuna wa tsohuwar yatsu shida. Ta dube ni, ta dubi barewan, ta yi wata doguwar magana tana sunkuyawa. Na ɗauka godiya ce. Na gutsiri ɗaya na ɗanɗana, na ji kamar dusa, ba sukari ba gishiri. Na ce shi ya sa mutanen nan suke daɗewa a duniya. Na juya baya na ƙulle ɗauri shidan nan a haɓar zanina, na soke, na saki hijabi a kai. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Ina komawa layi na ji takun ƙafa a bayana. Barewa ɗaya ce ta sha gabana, ta sunkuyar da kai har sau uku. Wata daga cikin matan ta ce ku duba, ko dabbobinsu sun san babba. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na gyara tsayuwa. Sai ta biyu ta zo, sai ta uku. Kafin in ce yalla mu wuce, sun kai bakwai, kuma sun daina sunkuyawa. Ɗaya ta cusa hanci ƙarƙashin hijabina. Wata ta tunkuɗe ni daga baya. Wani namijin barewa da aka yanke wa ƙaho ya kama gefen zanina da baki ya ja.

Ban yi gudu ba. Uwar tafiya ba ta gudu. Na dafe zani da hannu biyu na ƙara sauri, ina cewa kowa ta tsaya a layi. Barewa suka ƙara sauri. Na zagaya wani dutse, suka zagaya. Baƙi daga ƙasashe suka fara ɗaga waya.

Jagora ta taho da tutarta tana ɗaga tafukan hannu sama. Malam Habibu ya biyo ta yana haki.

"Inna, ta ce ki buɗe hannuwanki ki nuna musu ba komai, za su tafi."

Na saki zani na buɗe hannuwa. Nan na ji ƙullin ya fara zamewa, don namijin nan bai saki ba. Na mayar da hannu da sauri. Jagora ta sake magana, wannan karon a hankali, tana kallon ƙasa. Malam Habibu ma ya kalli ƙasa.

"Inna, ta ce wai ba sa bin wanda ba ya ɗauke da abincinsu. Ta ce tun a jirgi ta yi gargaɗi kada a saka shi a jaka ko a tufa."

Abincinsu. A nan na san abin da na saya wa jikokina. Na kuma san hanyoyi biyu suka rage mini: ko in kwance ƙulli a gaban mata sha ɗaya, kowa ta ga uwar doka ta karya doka, aikin tafiya ya fita daga hannuna, ko kuma in ci gaba da musu har barewa ta kwance mini shi a gaban duniya. Wallahi na tsaya ina auna su. Har yau ina mamakin yadda na tsaya ina auna su.

Hajiya Balaraba ce ta yanke. Mace mai shekara talatin a kasuwa ta san ƙulli in ta gan shi, ko ta bayan hijabi ne. Ta zare mayafinta ta ware shi, ta ce wa sauran su zo su yi da'ira, ta ce wa Malam Habibu ya je ya kalli itatuwa. Mata goma suka kewaye ni da mayafai, bayansu a waje, kamar yadda ake yi wa mace in abu ya same ta a kasuwa. Ita ta shigo ciki, ta buge hancin namijin da jakarta, ta sa hannu ta warware haɓar, ta yi jifa da ɗauri shidan can bayan dutse. Barewa suka watse kamar an tashi tasha. Ta taya ni ɗaura zani, ta ja shi da ƙarfin da ya fi buƙata, ta ce a kunnena:

"Minti nawa ya ɗauke ki, Inna?"

Na gyara hijabina na shiga ƙirga kawuna.

A jirgin komawa ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai ka ga kafaɗar mace tana rawa tana kallon taga. Da muka yi la'asar a masauki, Malam Habibu ya zo da littafinsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaya me zai rubuta na yau. Kafin in buɗe baki Hajiya Balaraba ta matso. Ta ce abu mai sauƙi ne: a goge sunanta na jiya, yau kuma a rubuta an je Nara an dawo lafiya. Ta ce ta yi magana da sauran, ba wadda ta ga komai. Malam Habibu ya ce rufin asirin Musulmi yana da asali a addini, ya fara jawo hujja.

Ciniki ne mai kyau, na kuma so shi. Shekarata ta wuce a mayar da ni dafa shayi. Amma na duba fuskokinsu na ga abin da zai biyo baya. Tafiya ta gaba in na ce wa mace koma layi, ba sai ta yi magana ba, kallon haɓar zanina kawai za ta yi. Na ce wa Malam Habibu ya bar na jiya yadda yake, ya rubuta nawa a ƙarƙashi, da adadin ɗaurin. Na sa ya karanta mini sau biyu don kada ya yi mini sassauci da alƙalami. Hajiya Balaraba ta ce ba ta taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba, ta shige ɗaki.

Ranar Lahadi a Giza Manaja ya kira ni. Ya karanta rahoton, ya cire tabarau ya share ido, ya sake karantawa. Ya ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya tambaye ni me dokar ta ce game da ma'aikaci, tunda ni na kawo ta. Na faɗa masa. Ya ce halas, shi ke nan, haka za a yi. An sauke ni. Tafiya biyu aka yi ba ni, ina ofis ina kai shayi ina wanke kofuna.

A wata na huɗu Hajiya Balaraba ta zo yin rajistar wata tafiya. Ni na kawo mata shayi. Ta kurɓa ta ce ya tsinke. Sannan ta juya ga Manaja ta ce wadda aka ba su a madadina yarinyar kirki ce, kowa tana yi wa murmushi, kuma saura kaɗan ta baro mata biyu a filin jirgi. Ta ce ita da mutanenta ba za su sa suna ba sai da wannan tsohuwar.

"Ba don ina son ta ba," in ji ta. "Wadda ta kai ƙarar kanta ba za ta manta ni a ƙasar mutane ba."

Manaja ya ce dokar ba ta faɗi tsawon saukewar ba. Na ce to a gyara ta, a rubuta wata uku. Ya ce ni dai ba na gajiya. Aka rubuta, aka mayar da ni.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku riƙa tafiya da mutane, bai da yawa. In jagora na magana ku matsa ku saurara, don ƙasar ba ta san wane ne ma'aikaci wane ne baƙo ba. Duk dokar da za ku kafa wa wani, ku gwada ta a jikinku tukuna. Matan nan namu kuma ku san su: wadda kuka kunyata jiya a titi ita ce za ta fara zare mayafinta ta rufe ku yau, ba tare da an roƙe ta ba. Za ta rufa muku asiri a gaban baƙi da zuciya ɗaya. In an dawo gida kuwa, sai ta tabbatar ba gidan da labarin bai shiga ba a Ainu Shams.