Ƙullutu a Kafaɗar Karyar Baba

Baba ne ya fara jin ƙullutun. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye na dawo da shi gidana a Mayo Gwoi, shi da karyarsa, wata ja mai yagaggen kunne da ta shekara tara tana bin sa gonar doya. Magana ta yi masa nauyi, don haka yini yake a gindin mangwaro yana shafa ta da hannun da ya rage masa.

Wata safiya ya kama yatsana ya ɗora a kafaɗarta. Na ji abu mai tauri kamar goro.

"Cizon kaska ne, Baba," na ce, ina saurin tafiya makarantar da nake koyarwa. Ya girgiza kai.

Wata biyu na yi ina shafa mata man kaɗanya. Sai da abin ya kai ƙwan kaza, yana tsattsafo da jini, na nemi mai keke mai ƙafa uku ya kai mu asibitin dabbobi. Uku suka ƙi ɗaukar kare, na huɗu ya yarda.

Likitar dabbobin ta daɗe tana lallatsa wurin, ta kuma laluba hammatar karyar.

"Ba kowane ƙullutu ne mugu ba, Malama," in ji ta. "Wani kitse ne kawai. Amma ido ba ya rarrabewa."

Ta soka siririyar allura ta zuƙo ɗan ruwa, ta shafa a gilashi, ta ɗiga masa shuɗin rini, ta sunkuya kan madubin awo. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni yaushe ya fito.

"Sati biyu," na ce. Ta ɗago ta dube ni.

Ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai hammata. Ta ce ko an yanke zai dawo, abin da ya rage a sauƙaƙa mata zafi.

A gida na ce wa Baba ƙurji ne, zai warke. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Haka kuka ce mini... lokacin mamanku."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na faɗa masa duka, har da ƙaryar da na yi wa likita. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Karyar ta ƙara sati biyar. Da ta daina cin ko kan kifi, likitar ta zo gida da allura ta ƙarshe, wadda za ta hutar da ita gaba ɗaya. Baba ya sa aka sauko da shi kan tabarma, aka ɗora masa kanta a cinya. Ya yi mata magana da yarenmu na Mumuye, a hankali, kalmomi sun fi waɗanda ya yi mini duk shekarar. Ban gane rabinsu ba, don a gari na tashi.

Maƙwabcinmu ya haƙa rami a bayan gida. Ranar ban je makaranta ba.