Haukan da Yaya Sanusi Ya Ɗauko da Hannunsa

Shekara shida ke nan da aka binne yayana Sanusi a ƙauyenmu da ke kusa da Bukkuyum, kuma har yau ba zan iya cewa ga lokacin da hankalinsa ya gushe ba. Farkon abin dai na sani, domin ni kaɗai ya gaya wa.

Dattawan gari ne suka tura mahaifinmu ya kai wa hukuma rahoton hanyar da ɓarayin daji ke bi da shanun sata. Mutane kaɗan suka san da maganar. Bai daɗe da dawowa ba ɓarayin suka same shi a gona da hantsi, suka kira shi da sunansa, suka harbe shi. Kowa ya san daga cikin gari aka nuna shi, amma ba wanda ya buɗe baki.

Sanusi tela ne, mai tsabta, marar yawan magana. Bayan sadakar arba'in ya zo gidana a Anka, inda nake aure nake kuma koyarwa. Ya ce, "Hassi, za ki ji an ce na taɓu. Kar ki yi kuka. Mutane ba su ɓoye magana gaban mahaukaci, ni ko so nike in ji wanda ya sai da Baba." Na ce, "Yaya, ka bar wa Allah."

Ranar da na gan shi a kasuwar Anka da ƙyar na gane shi. Ƙafa ba takalmi, riga a yage, ya rataya gwangwanaye a wuya yana dariya shi kaɗai. Da muka haɗa ido ya ɗaga mini gira, ya wuce. Haka ya yi ta bin kasuwanni, yau Gummi, gobe Bukkuyum, yana zama gindin teburin mai shayi da tashar 'yan kabu-kabu. Wani lokaci yakan faɗo gidana ya yi wanka, ya rama salla, ya ci tuwo, mu yi hira ta hankali.

A Gummi ya ji abin da yake nema. Ɗanjumma, maƙwabcinmu mai sayar da fetur a kwalba, wanda da shi aka ɗauki makarar Baba, ya tsaya dab da shi yana waya da mutanen daji, har ya ambaci aikin da ya yi musu a kan Baba. Ranar kasuwar Bukkuyum Sanusi ya miƙe cikin jama'a ya faɗi komai dalla-dalla, da muryarsa ta gaskiya. Sai aka fashe da dariya. Ɗanjumma ya sayi ƙosai ya miƙa masa yana cewa, "Allah sarki, Allah ya ba ka lafiya." Sanusi ya fizgi sandar wani makiyayi ya karya masa hannu.

Aka danne Sanusi, aka kai shi gidan mai magani, aka sa masa mari a ƙafa. Na durƙusa gaban dattawa na rantse cewa haukan nasa shiri ne. Suka ce tausayin ɗan'uwa ne ke damuna. Inna kanta ta ce, "Ɗiyata, wanda ya kwana cikin shara shekara guda, mi ya rage na shiri?" Sanusi kuma duk zuwana sai ya ce, "Ki hwaɗa musu ni ba mahaukaci ba na." Mai maganin ya ce duk haka suke cewa.

Wata rana da damina na same shi shi kaɗai. Na ce, "Yaya, ba kowa, ni ce." Ya dube ni kamar baƙuwa, ya tambaye ni ko na ga Baba ya dawo daga gona, abinci na hucewa. Na tsaya ina jiran ya ɗaga gira. Bai ɗaga ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin kaka.

Bayan shekara biyu aka kama Ɗanjumma da jarkokin fetur da burodi a hanyar daji. Cikin waɗanda ya amsa cewa ya nuna har da Baba.

Yanzu nakan karanta wa ɗalibai wani tsohon wasan kwaikwayo na mutumin da ya yi haukan ƙarya don ramuwa, sai su yi ta gardama ko na gaske ne. Nakan bar su, domin na gani da idona kuma ban sani ba. Da Sanusi zai dawo, zai tarar waɗanda suka yi masa dariya suna cewa dama sun zargi Ɗanjumma. Zai kuma tarar har yanzu ana nuna mutane, ana shiru. Ban san ko zai ce wahalarsa ta yi amfani ba.

Abin da ya bari shi ne ɗiyarsa Asma'u, wadda nake riƙo. Kwanan baya ta dawo daga islamiyya ta ce, "Goggo, da gaske Babana mahaukaci ne?" Na ce mata shi kaɗai ya faɗi gaskiya a tsakiyar kasuwa ranar da masu hankali suka kasa. Ta yi ɗan tunani, ta ce, "To don mi aka ɗaure shi?"