Shafi Ɗaya da Ya Ruɓar da Irin Doya

Har yau ban manta da ranar da baban Doshima ya shigo makarantarmu da buhu a kafaɗa ba. A watan Maris ne na 2008, ina koyar da aikin gona a wata sakandare da ke wajen Assakio, ina mataki na bakwai na albashi. Ni ɗan cikin gari ne, a Bukan Sidi na tashi, ban taɓa tayar da tudun doya da hannuna ba, yaran da nake koya wa kuwa a gona suka girma. Abin yana cina a rai. Shi ya sa da shagunan intanet suka yawaita a Lafia na riƙe su gam, don in riƙa shiga aji da abin da iyayen yaran ba su sani ba.

A ƙa'idar aikinmu, malami yakan rubuta darasinsa, shugaban sashe ya karanta ya sa hannu, sannan a kai shi aji. A watan Janairu na samo wani bayani kan adana amfanin gona a cikin leda mai kauri, a ɗaure bakinta yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari su mutu. Shafi uku ne. Na farko na fitowa daga na'urar bugawa a shagon intanet aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Na naɗe shafi ɗayan na tafi.

Madam Ladi, shugabar sashenmu, ta ga takarda har da hoto, ta ce, "Daga intanet? To me zan gyara a nan?" Ta sa hannu. Ban gaya mata saura shafi biyu ba.

A aji, wata ɗaliba mai suna Doshima, 'yar wani manomi Batibi, ta ɗaga hannu.

"Sa, har da doya? Mu a inuwa muke ajiye iri, mu rufe da ciyawa."

Ban san amsar ba. Amma na ji kunyar faɗin haka a gaban yara, sai na ce, "Har da doya. Wanda ya rubuta wannan ya fi babanki sanin noma." Aji ya yi dariya, ta zauna.

Wata biyu bayan haka masinja ya kira ni ofishin shugaban makaranta. Wari ne ya fara tarbata tun daga ƙofa. Wani dattijo, baban Doshima, na tsaye, ya zazzage buhunsa a ƙasa. Irin doya ne, ya yi baƙi ya narke, ruwa na tsiyaya daga ledar.

"Kai ne ticha mai kwamfuta?" ya ce da ni. "Yarinya ya zo ya ce kwamfuta ya ce a saka cikin leda. Ni ban je makaranta ba. Na ce to, tunda ticha ne."

Na tambaye shi nawa ya saka a ciki. Ya ce duka. Ya riga ya gama tudu a gonarsa, ruwan farko kawai yake jira.

Ban taɓa kawowa a raina cewa maganar da na yi don kare kaina za ta bi yarinya har gida ba.

Shugaban makaranta bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malam Usman, hau babur." Ya kai ni shagon intanet ɗin nan a Lafia, ya ce in buɗe bayanin. A saman shafi na biyu, da manyan haruffa, an rubuta cewa dabarar ta busasshen hatsi ce kawai, irin su wake da masara, kada a kuskura a yi wa doya ko dankali, domin suna numfashi. Ya sa na karanta da ƙarfi, sau biyu, mutane na kallona.

An ba ni takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, na amsa laifina a rubuce. Shugaba ya ba dattijon irin doya daga gonar makaranta, wasu iyaye suka ƙara da abin da suka iya, amma ko rabin gonarsa bai cika ba. Doshima kuwa har ta gama makaranta ba ta sake yin tambaya a ajina ba.

Ranar shuka na je taya shi. Shi ya nuna mini yadda ake yanka iri. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya daɗe yana aiki kafin ya ɗago.

"Ticha, da ka ce ba ka sani ba, da na ajiye yadda babana yake ajiye."

Ku da ke shigowa aikin nan yanzu, ba na hana ku intanet, ni ma ban daina ba. Amma ku karanta abu har ƙarshensa, ku kuma tambayi mai yin sa da hannu. Iyayen yaranmu ba sa iya bincikar mu. Abin da muka faɗa a aji, shi suke ɗauka su kai gona.